Bugu Ɗaya, Takarda Uku

Ranar Talata ce, tsakiyar watan Agusta na shekarar 2009. An kwana ana marka a Daura, aka kuma tashi da ita, irin yayyafin nan da ba ya hana mutum fita amma sai ya jiƙa shi sharkaf kafin ya isa inda za shi. A wannan safiyar ce kwamfutar Malam Sama'ila ta fara mutuwa.

Ma'aruf, ɗansa na biyu, shi ne a gabanta. Ya kunna, ta yi gurnanin da ta saba, allo ya kawo haske, ya ɗora yatsu zai fara bugu, sai komai ya daskare. Ya kashe, ya sake kunnawa. Minti uku ta yi da rai, ta kuma sandarewa. Sau biyar yana haka. Manoma biyu da suka zo daga Dutsi a rubuta musu cinikin gona suna zaune a benci, ruwa na ɗiga daga malafunansu, suna kallonsa kamar shi ya yi mata wani abu. Da suka gaji suka ce za su dawo wani satin.

Shagon ɗan ƙarami ne, gab da ƙofar kotun Shari'a. Shekara talatin Malam Sama'ila yana buga wa mutane takardu a cikinsa, da fari da tafireta, daga baya da wannan kwamfutar da ya saya a gwanjon tsofaffin kayan ofis, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Tare da ita ya sayo firinta mai allura, wata ƙatuwa mai ƙara kamar injin markaɗe. Ita ba fesa tawada take yi ba, dukan takarda take yi da ƙananan allurai. Saboda ita mutanen ƙauye suke wuce shaguna uku masu sababbin injina su zo nan. Malam yakan jera farar takarda uku da takardar kabon a tsakaninsu, allura ta doke su lokaci guda. Ta sama ta mai saye ce, ta tsakiya ta mai sayarwa, ta ƙasa kuma ta mai unguwar da aka yi cinikin a gabansa. Manomin da bai san harafin boko ko ɗaya ba zai juya takardarsa ya shafa bayanta da babban yatsa, in ya ji tabon allura sai hankalinsa ya kwanta. Wadda aka ɗauki hotonta a inji kuwa, cewa suke yi kowa na iya ƙara mata layi.

Malam bai taɓa ɗaukar kwamfuta a wani abu daban da littafin rajista ba. Fayil ɗaya tak ya buɗe tun ranar farko, ya sa masa suna Kundi. Duk cinikin gona ko rabon gadon da ya buga, sai ya ja layi, ya ba shi lamba, ya rubuta shi a ƙarƙashin na jiya. Shekara tara yana haka, lamba ta kai ɗari takwas da arba'in da shida. Wanda takardarsa ta ɓace, ya zo ya faɗi sunansa da shekarar, a nemo a sake buga masa.

Yanzu hannun Malam ya fara rawa, idonsa ya yi hazo, shi ya sa Ma'aruf ke zama a kujerar. Shekararsa ashirin da biyu. A aji uku na ƙaramar sakandare ya bar makaranta, ba don ba ya ganewa ba, zaman benci ne yake sa masa ƙaiƙayi a ƙafa. Ya yi acaɓa, ya yi wata shida a Kano yana koyon gyaran waya, ya bi motar albasa har Kudu sau biyu. Babu inda ya cika shekara. A gidansu in abu ya lalace, shi ake fara kallo.

Washegari yayansa Munzali, mai sayar da wayoyi a bakin tasha, ya kawo wani mai gyara daga Katsina. Mutumin ya kwance murfi, ya leƙa, ya hura, ya yi dariya. Ya ce ƙwayar cuta ce ta shigo ta filashin wani, ɗan abin nan da ake sokawa a kwafi fayil, ta cinye manhajar da ke tafiyar da ita. Sabuwar manhaja kuma ba za ta hau ba, ta yi wa wannan nauyi.

"Malam, wannan ai kakar kwamfutoci ce," in ji shi yana goge hannu. "Ku yi mata sutura kawai."

Dama abin da Munzali ke jira ke nan. Mai gyara na fita ya gyara tsayuwa.

"Baba, ka dai ji da kunnenka. Na riga na yi magana da Kabo mai gwangwan. Juma'a ta sama, in an sauko masallaci, zai zo da sikelinsa ya kwashe ta, ita da injin markaɗen nan. Shagon in sa kanta in zuba caja da batir. Kai kuma ka huta."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ba wanda zai ɗora ta a sikeli," in ji Ma'aruf.

"Da wa kake?"

"Da kai nake, Yaya. Da Kabon ma."

"Injiniya ya ce ta mutu, kai da ka gudu daga aji uku ka ce me?"

"Cewa ya yi manhajarsa ba za ta hau ba. Ai ba tasa kaɗai ce a duniya ba."

Munzali ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "To, gwani. Kwana tara ke gare ka. In Juma'ar ta zo abin nan ya buga takarda uku a gabana, na bar muku shagonku. In bai buga ba, kai za ka taya Kabo ɗauka."

Abin da Ma'aruf yake taƙama da shi wani faifai ne da ke kwance a aljihun tebur. Watanni baya, yana zaman banza a shagon intanet da ke hanyar Kusugu, ya ci karo da wani shafi da aka ce duk wanda ya rubuta adireshinsa za a aiko masa da manhajar kwamfuta kyauta, sunanta Linuks. Bai yarda ba. Ya cika ne kawai don ya ga ko akwai ranar da wasiƙa za ta zo gidan waya da sunansa. Bayan mako bakwai kuwa ta zo, da kan sarkin wata ƙasa a jiki. Ya nuna wa abokansa, suka juya ta suka juya, ya jefa a aljihun tebur ya manta.

Abu ɗaya ya riƙe daga zamansa na gyaran waya: kafin ka wanke waya, kwashe kayan mai ita. Kwamfutar tana ba shi minti uku kafin ta sandare, don haka ya shirya kamar mai shirin tsallake titi. Ya kunna, ya soka filashi, ya hango Kundi nan a kan allo, daidai inda Baba yake danna shi kullum. Ya ja shi ya jefa cikin filashin. Kafin ya ƙifta ido har ya shige. Ya ɗan yi mamakin saurin, ya ce a ransa ashe tsohuwar da sauranta. Ya buɗe filashin ya duba. Ga sunan nan, Kundi, da wata 'yar kibiya a gefensa. Ya zare, ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli.

Sai ya sa faifan. Ya yi ta juyi a ciki yana huci, wani ɗan layi ya fara tafiya a kan allo, ya kai rabi ya tsaya. Awa guda yana nan inda yake.

Ya koma shagon intanet. Turancinsa na aji uku ne, amma yana da naci. Ya yi ta bin abin da mutanen wasu ƙasashe suka rubuta a kan irin wannan matsala, kalma bayan kalma, wadda ta gagare shi ya tsallake ta, ya kwafi sauran da biro a bayan kwalin kabon. Kwana biyu kafin ya gane. Akwai wani ɗan koren falle a cikin kwamfuta, tsawonsa bai kai ɗani ba, ana ce masa ram. Shi ne wurin da take baje aikinta, kamar tabarma. Tabarmar tsohuwar ta yi kaɗan. Sai an ƙara mata wani fallen, kuma irin na zamaninta, wanda an daina kawowa kasuwa.

Wuri ɗaya ne a Daura da za a sami irinsa. Ranar Asabar ya nufi filin Kabo a bayan kasuwa, inda matattun fankoki da rediyoyi da ƙafafun keken ɗinki suke jibge har sun fi mutum tsawo. Kabo na zaune a kan wata tsohuwar firij da aka kwantar, yana cin gyaɗa.

"A'a, ɗan Malam! Ka zo ka ce in taho tun yau, ka rage wa kanka wahala?"

"Na zo ne in ɗebi hanjin 'yan'uwanta in sa mata."

"Kai dai ba ka jin magana. Ni fa kilo na sani. Tsohuwar taku na auna ta da ido, sha ɗaya ce. Injin markaɗen sha huɗu."

"Ci gaba da awo da ido, Kabo, don sikelinka ba zai taɓa ta ba."

Kabo ya nuna masa kusurwar da gawawwakin kwamfutoci suke. Ana yayyafi Ma'aruf ya kwance guda tara, ƙarfe ya tsaga masa farcen babban yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Falle huɗu ya samu. Biyu sun yi tsatsa, ɗaya tsagarsa ba ta dace ba. Na huɗun ya goge haƙoransa da robar goge fensir har suka yi ƙyalli. Ya tambayi Kabo abin da zai bayar.

"Tafi da shi," in ji Kabo. "Ai ranar Juma'a zai dawo min tare da uwar."

Fallen ya zauna daram. Ranar Litinin ɗan layin nan ya wuce rabi, ya kai ƙarshe, Linuks ya fara tambayoyinsa: wane harshe, wace ƙasa, ƙarfe nawa. Sai ya zo kan babbar tambayar. A bar tsohuwar manhaja a gefe su raba rumbun ajiya, ko a share komai a ba shi rumbun duka? Rumbun ƙarami ne, kuma abin da ke ciki mai cuta ne. Ma'aruf ya taɓa aljihunsa, ya ji filashi na nan. Ya yi bisimilla ya danna a share.

Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, ya sake daga farko. Sai ranar Talata da hantsi tsohuwar ta miƙe. Ya buɗe takarda ya yi rubutu, ba ta daskare ba. Ya bar ta awa uku a kunne don ya gwada ta, tana nan da ranta. Malam ya sa tabarau ya matso.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba. Riga kawai ta sake."

"To, Kundin fa?"

"Yana aljihuna. Bari in gama da firinta tukuna."

Firintar ce ta kusa kashe shi. Sabuwar manhajar ba ta san ta ba, sai ta kawo masa jerin sunayen firintoci, ɗaruruwa, ta ce ya zaɓi tasa. Sunan da ke jikin tasu kuwa ya goge tun kafin a yi gwanjonta. Ya fara daga sama. Ya zaɓi suna, ya tura layi ɗaya, injin ya ɗauki kururuwa ya cika takarda da taurari da wasu 'yan ƙugiyoyi, ya tofo ta, ya jawo wata. Sai ya cire waya daga bango kafin injin ya yi shiru. Ya zaɓi na gaba, haka. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. Ranar Laraba Munzali ya biyo ta nan, ya ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa ya duba.

"Yaren aljanu ka koya mata? Madalla. Sai ka riƙa buga musu cinikin kuka."

Ma'aruf bai ɗago kai ba. Ya gwada suna arba'in da wani abu, takardun da suka lalace ya riƙa juya bayansu, har bayan ma ya ƙare.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya daina zaɓe, ya zauna yana kallon injin. Suna ba zai samu ba. To me ya rage a jikinta da bai goge ba? Ya kwance kan da ke dukan takarda, ya ɗauko gilashin ƙara girma da ya taho da shi daga Kano, ya ƙirga allurai. Tara. Ya koma jerin, ya gangara har can ƙasa, inda ya ga wasu da ba su da sunan kamfani ko ɗaya, sai dai an rubuta mai allura tara, mai allura ashirin da huɗu. Ya zaɓi ta tara. Injin ya yi kuka sau ɗaya daga hagu zuwa dama, ya tsaya. A kan takardar ga sunan Malam Sama'ila nan, tsaf, ba tauraro ko ɗaya.

Juma'a ana saukowa masallaci Kabo ya iso da kurarsa da sikeli a kai, Munzali na gaba. Ma'aruf ya juya wurin firinta. Ya jera farar takarda uku da kabon biyu, ya buga wasiƙar gwaji mai layi goma. Injin markaɗe ya cika layin kotu da ƙara. Ya zare, ya raba ukun, ya miƙa wa Malam ta ƙasa. Malam ya juya ta, ya shafa bayanta da babban yatsa, a hankali, daga sama har ƙasa.

"Ta buga," in ji shi.

"Ni dai an ɓata min Juma'a," in ji Kabo, yana dariya. "Ɗan Malam, a dawo min da fallena."

 A lokacin ne wata dattijuwa da ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa ta yi sallama. Zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ta durƙusa ta gaida Malam, ta ce sunanta Kande, daga wata unguwa a bayan garin Babban Mutum. Shekara shida da suka wuce mijinta ya sayi gona a hannun maƙwabcinsu, nan shagon aka buga. Mijin ya rasu, maƙwabcin ma ya rasu, yanzu 'ya'yan maƙwabcin sun ce aro ne aka ba su, ba sayarwa ba. Ta buɗe ƙullin zanenta ta nuna abin da gara ta bari na takardarta, bai kai tafin hannu ba. Alƙali ya ce ta kawo shaida ranar Litinin.

"Ta mai unguwa fa, Inna?" in ji Ma'aruf.

"Wanda aka yi a gabansa ya rasu, ɗana. Ɗansa Maliki da ya gaje shi ya ce shi bai san wata takarda ba. Aka ce min in zo nan, Malam ba ya yar da komai."

"Ai kin zo a daidai," in ji Ma'aruf. Ya ɓalle aljihu yana kallon Munzali, ya soka filashi, ya danna Kundi.

Bai buɗe ba. Ya sake dannawa. Wani ɗan rubutu ya fito yana cewa ba a sami abin da ake nema ba. Ya duba nauyin fayil ɗin, ya ga bai kai na layi biyu ba, aikin shekara tara. Sai idonsa ya sauka a kan 'yar kibiyar nan. Ya taɓa ganin irinta a shagon intanet. Abin da Baba yake dannawa a kan allo ba Kundin ba ne, alama ce kawai mai nuna hanyar inda yake kwance a cikin rumbu. Alamar ya kwafa. Rumbun kuma shi da hannunsa ya share shi ranar Litinin.

"Me ta ce?" in ji Munzali.

Zai iya cewa sabuwar manhajar ce ba ta gane shi ba tukuna, a ba shi kwana biyu. Babu wanda zai ƙaryata shi a ɗakin nan. Ya juyo ya fuskanci mahaifinsa.

"Baba, na goge Kundi. Na zaci na kwafe shi, ashe alamarsa na kwafa. Babu shi."

Carbin Malam ya tsaya. Kande ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Ban faɗa ba?" Munzali ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya. "Ban faɗa ba, Baba? Duk abin da yaron nan ya taɓa sai ya ga bayansa! Amanar mutane ɗari takwas! Kabo, shigo ka ɗauka."

Ma'aruf ya miƙe ya tsaya tsakanin Kabo da teburin.

"Sharaɗinka takarda uku ne, Yaya, kuma ta buga a gabanka. Kundi ni na ɓatar, ba ita ba. In mai laifi za a auna, ni Kabo zai ɗora a sikeli."

"Ni ba na sayen nama," in ji Kabo, ya ja da baya.

"Matsa, Ma'aruf!"

"Ba inda za ni."

"Munzali, bari," in ji Malam. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ya dubi takardar gwajin da ke hannunsa. "Don me kuke zaton nake buga uku? Shekara ashirin da ɗaya na yi da tafireta, ba ta taɓa riƙe min harafi ɗaya a cikinta ba. Ta ukun nan da nake ba masu unguwanni, ba don ado nake ba su ba." Ya ajiye takardar, bai kalli Ma'aruf ba. "Kai ka zubar. Sai ka je ka tsince."

Da sassafe ranar Asabar Ma'aruf ya fito da tsohon babur ɗinsa na acaɓa, ya ɗauki Kande, wadda ta kwana a wurin mahaifiyarsa, suka kama hanyar Babban Mutum. Daga inda kwalta ta ƙare taɓo ne zalla. Sau uku tana sauka yana turawa. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ta nuna masa gonar da ake rigimar a kanta, wake ya rufe ƙasa a tsakanin kunyoyi.

Mai unguwa Maliki ya karɓe su a zaure. Mutum ne mai fara'a, amma maganarsa ɗaya ce.

"Na gaya mata, ni ban gaji wata takarda ba."

"Ranka ya daɗe, marigayi ba shi da adaka?"

"Akwai wata a ƙarƙashin gadonsa. Tsummokara ne a ciki. Ba a buɗe ta ba tun rasuwarsa."

"A taimaka a buɗe."

"Makullin ma ban san inda yake ba. Ka dawo wani lokaci."

Ma'aruf ya cire takalmansa ya jingina su da bango, ya gyara zama a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni a gidanmu an san ni da rashin zama wuri ɗaya. Yau na sami wuri. In an kawo tuwo zan ci, in ba a kawo ba ma ina nan."

Maliki ya dube shi, ya dubi Kande, ya yi dariya ya girgiza kai. Aka fito da adakar, Ma'aruf ya kwance kwaɗon da sukundireba. Ƙarƙashin wata tsohuwar alkyabba da katunan allurar shanu, ga takardu nan a naɗe cikin ledar burodi. Bai tsaya karantawa ba. Ya riƙa juya su yana shafa baya, duk mai tabon allura ya ware ta gefe. Talatin da ɗaya. Ta sha tara ita ce ta mijin Kande, lamba ɗari uku da sittin da biyu. Rubutun ya koɗe amma yana karantuwa, ga dangwalen mai sayarwa, ga na shaidu biyu. Kande ta karɓa ta shafa bayanta ita ma, ta rufe fuska da mayafi.

Maliki ya ce shi da kansa zai kai ta gaban alƙali. Sauran talatin kuwa bai yarda su bar gidansa ba, don haka Ma'aruf ya zauna a zauren har la'asar sakaliya yana kwafe su da biro a littafin makaranta. Ranar Litinin gona ta tabbata ta Kande.

Wata huɗu ya yi yana wannan yawo na gidajen masu unguwanni, kowace Asabar da Lahadi. Dutsi, Baure, Zango, Sandamu, da unguwannin da babur ba ya shiga sai a ƙafa. Ranakun aiki kuma yana shago, injin markaɗe na kuka, tsakanin mai ciniki da mai ciniki yana mayar da abin da ya kwafo cikin tsohuwar, kowace takarda da fayil ɗinta. Duk wadda ya shigar sai ya buga ta da allura ya jefa a wata adaka da ya saya ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Kabo yakan biyo da kurarsa ya leƙo ya ce, "Tana nan da rai?" Ma'aruf ya ce, "Sai ta ga bayan sikelinka."

Da kaka ta wuce, babu sauran ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba, ya zauna ya ƙirga.

Cikin takarda ɗari takwas da arba'in da shida, ya samo ɗari bakwai da uku. Ɗari da arba'in da uku sun tafi. Hamsin da takwas gara ta ci, ashirin da shida ɗakuna sun rufta a kansu da damina, sauran babu wanda ya san inda suka shiga. Mutum biyu sun zo neman tasu ba a samu ba, ɗayansu ya rasa rabin gonarsa. Takarda fara dami biyu ta tafi a yaren aljanu. Tayar babur ɗaya. Farcen babban yatsa ɗaya. Allura ɗaya cikin tara ta karye a watan Nuwamba, shi ya sa kowane layi yake fita da siririn farin zare a tsakiyarsa. Munzali kuma, tun daga waccan Juma'ar, bai sake tako shagon ba.